Iyakata Gindin Gawo

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya san yadda ake riƙon 'yar fari a ƙasarmu ya san abin da nake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana son in miƙo mata ludayi sai ta ce, "Ke." Idan da wani take magana a kaina sai ta ce "yarinyar nan", har bayan na yi aure na haihu. Ana yaye ni aka kai ni wurin gwaggona a Gagarawa, ban dawo ƙauyenmu na wajen Sule Tankarkar ba sai da na isa ɗaukar tulu. Ranar da na dawo na tarar da ƙanena, autanta, ya miƙe ƙafa a cinyarta tana cire masa ƙaya, tana kiran sunansa har da jan ƙarshensa. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta mai da ido kan ƙayar, ta ce wa wata maƙwabciya, "Ku ba baƙuwar ruwa."

Kowa ya ce kunya ce, haka uwa ta kirki take yi da ɗanta na fari. Na yarda, don ni ma da na haifi tawa haka na yi. Amma yarda daban, abin da ke cin mutum a ciki daban. Na tashi da yunwar abu guda, in ji sunana a bakin matar da ta haife ni, ko da a cikin faɗa ne.

Da aka yi mini aure ba a kai ni nesa ba, gida kaɗan ne tsakaninmu. Babanmu ya riga ya rasu, don haka kullum ina gidan. Ni nake mata surfe, ni nake ɗebo mata ruwa, ni na san kaurin kunun da take so da yawan tsamiyar da take sha. In na gama sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Allah ya yi albarka." Da wannan nake komawa gida, ina juya shi a raina har in yi barci.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba, ana ta maganar wai an raba ƙasa, Maigatari tamu ce, abin da ke gabanta na Faransa. A shekarun nan ƙanena, da yake yawan zuwa cin kasuwar Maigatari, ya auro wata yarinya daga can. Da aka buɗe mata fuska sai da na kau da kai don kada a ga dariyata. Zanzana ce tun daga goshi har haɓa, ta yi agana tana ƙarama, ciwon ya bar mata fuska kamar faifai. Ni kuwa a lokacin fuskata sumul take, ko ƙurji ɗaya babu, kuma na san da haka, ba na bari a manta. Yarinyar ba ta da surutu. Tana ce mini Yaya, tana durƙusawa tun daga bakin ƙofa in za ta gai da Inna, ba ta cin abinci a gabanta. Surukuta ce ta sosai a tsakaninsu, babu hira, babu haɗa ido. Hakan ya yi mini daidai.

Sai wata bazara agana ta shigo garinmu. Mu ba ma kiran sunanta a fili, cewa muke wane ya yi ado, don kada ta ji ta waiwayo. Ta ɗauki yara biyu a unguwar maƙera, sannan ta tsallako ta kama Inna. Zazzaɓi ya fara kayar da ita, da ciwon baya, muka ɗauka na shiga rana ne. Da ƙurajen suka feso a goshinta ba wanda ya sake tambaya.

Al'adar garinmu a kan wannan ciwo ba ta da sassauci. Ana kafa wa majinyaci bukkar kara a bayan gari, can ƙarshen gonaki, kuma ba mai shiga wurinsa sai wanda ya taɓa yin ciwon ya tashi, don an san ba ta kama mutum sau biyu. Tsakanin gari da wurin bukkar akwai wani babban gawo. Nan ne iyakar masu lafiya.

Mai gari ya zo da kansa ya tsaya a zaure, ya ce wa za ta yi jinya. Na fito na durƙusa na ce ni ce, wa ya fi ni.

Ya ce, "'Yata, kin yi ado?"

Na ce ban yi ba, amma uwata ce.

Ya nuna bayana da sandarsa. Ina goye da 'yata ta fari, ko zama ba ta fara ba. Ya ce, "Ita ma wannan uwarta ce ke."

Sai muka ji murya daga bayan zana, ƙasa-ƙasa: "Ranka ya daɗe, ni na yi." Matar ƙanena ce. Mai gari ya ce madalla, Allah ya kawo sauƙi a cikin gida. Aka sa Inna a kan jaki, ita ta riƙe ta, ni ina biye a baya da tabarma da tulu har gindin gawo. Nan aka ce in ajiye. Na tsaya ina kallon fuskar da na yi wa dariya tana wucewa da uwata.

Aikina ya zama kai abinci. Akwai ƙwarya da tulu da aka bari a gindin gawon, nasu ne, ba na taɓa su. In na zo sai in tsiyaya daga tawa ƙwaryar zuwa tasu ba tare da baki ya taɓa baki ba, in ja da baya in yi kira. Ita kuma ta fito ta ɗauka, mu yi magana daga nesa kamar masu faɗa. Tun zuwan farko ta fara gyara mini aiki. Wai kunun ya yi kauri, maƙogwaron Inna duk ƙuraje ne, a tace shi ya zama ruwa-ruwa. Wai a rage tsamiya, tana yi mata zafi a baki. Na ce tun kafin a san za a haife ki nake dama wa matar nan kunu. Ta ce, "Haka ne, Yaya. Amma na jiya bai wuce ba." Na koma gida na tace kunun ina zaginta a raina.

Bayan nan ta ce in riƙa kawo rairayi mai laushi, tankaɗaɗɗe. Tabarma tana manne wa ƙurajen, in an juya majinyaci sai ta taho da fata, shi ya sa a kan yashi ake kwantar da shi, a kwashe wanda ya ɓaci a zuba sabo. Ban taɓa sanin haka ba, kuma na ji haushin rashin sanin fiye da nauyin yashin. Kullum sai na je tudu na ɗebo, na tankaɗe shi da hannuna har ba tsakuwa ko ɗaya, ina tunanin aƙalla bayan Inna a kan aikina yake kwance. Na kai man shanu na shafa wa inda ya bushe, na kai mafici na korar ƙuda. Da na samo wani garin magani wurin mai magani a kasuwar Gumel, aka ce a zuba a ido don kada ciwon ya ci shi, sai na tarar da ƙullin washegari a gindin gawo yadda na ajiye shi.

Na ce, "Me ya hana ki sa mata?"

Ta ce, "Na ɗanɗana a harshena, Yaya, yaji ne da shi. Irinsa aka zuba wa yayana, ciwon ya bar shi, idon bai dawo ba. Ruwan ɗumi nake wanke mata da shi."

Na ce ita wa ya naɗa ta sarkin magani. Ta ɗauki kunu ta juya.

Wata rana da hantsi iska ta ɗage zanar bakin bukkar, na hango Inna kwance, hannayenta biyu a ɗaure da tsumma. Ihun da na yi sai da ya tashi tsuntsayen kan gawon. Na ce uwata ce za a ɗaure kamar akuya, don an ga ba mai shiga ya gani? Ta fito da gudu, ta tsaya inda ta saba tsayawa. Ta ce ƙaiƙayi ne, in Inna ta sosa sai jini, in ta kai hannu ido shi ke nan. Ta ce, "Ban ɗaure ta ba sai da na tambaye ta. Ita ta miƙo hannun. In na zauna kusa da ita ina kwancewa, sai zan fito nake mayarwa." Sai na ce to tsumman ma mai datti ne. Na koma gida na yage sabon zanena na kawo.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sakat shi ne muryar. Idan iska ta juyo ta wajen gari, nakan jiyo Inna tana magana a cikin bukkar. Ba na jin kalmomin, nisan ya yi yawa, amma ina jin salon. Magana ce doguwa, a hankali, mai taushi, irin wadda na ji tana yi wa ƙanena ranar ƙaya. Wani lokaci har da 'yar dariya, a cikin wannan azaba. Matar da ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, yau ita ce take zuba mata hira tun safe har azahar. Ni da na yi mata bauta tun ina yarinya ban taɓa samun hirar da ta wuce ta tsawon shan ruwa ba. Sai in zauna a gindin gawo, goyo yana tsotso, ina sauraron abin da ba nawa ba, kishi yana cina har in ji ɗaci a bakina.

Na ce mata, "Me take ce miki haka?"

Ta sunkuyar da kai. "Maganar majinyaci ce, Yaya."

"Ni 'yarta ce."

"Na sani. Tsohuwar da ta yi jinyata ta ce abin da mutum ya faɗa a bukka, a bukka ake barinsa. Mai zazzaɓi ba shi da zane a bakinsa, mai jinya ne zanensa."

Sai na tambayi abin da na zo tambaya. "Ta ambace ni?"

Ta durƙusa ta ɗauki ƙwaryarsu. Sannan ta ce, "Tana shan kununki."

Ranar nan daga gindin gawo gidan wanzami na wuce. A lokacin wanzamai sukan ɗebi ruwan ƙurjin mai agana su tsaga hannun mai lafiya su shafa, ciwon ya kama shi da sauƙi, in Allah ya sa ya tashi ya tsira ke nan. Na ce ya yi mini. Tsoho ne, shi ya yi mini tsagar gado, ya san ni tun ina jaririya. Ya ajiye askar da yake wasawa ya ce, "Don ki tsira kike so, ko don ki shiga bukka?" Na ce ina ruwansa. Ya ce da ruwansa, don hannunsa ne zai yi tsagar. Ya ce in ya yi mini sai na kwanta, kafin in tashi al'amarin Inna ya riga ya yanke ko ta nan ko ta can, kuma abin da ya zo wa babba da sauƙi ba lallai ya zo wa na goye da sauƙi ba. Ya ce, "Ba na sa wa mutum ciwo don ya huce haushi." Na tashi ban yi masa sallama ba. Na yi shekara ina canja hanya in na hango shi.

Da idanun Inna suka kumbura suka rufe, matar ƙanena ta gaya mini gaskiya, ba ta ɓoye ba. Ta ce ƙurajen sun haɗe, ba su tashi sun yi ruwa yadda ake so ba, in shirya zuciyata. Ina jin haka na ajiye ƙwarya na nufi bukkar. Na wuce gawon, na taka gonar da ban taɓa takawa ba tun da aka fara jinyar. Ta sha gabana, ta ware hannuwa, amma tana ja da baya don kada jikinta ya taɓa nawa.

Ta ce, "Yaya, ki tsaya."

Na ce ta kauce ko in bi ta kanta.

Ta ce, "In kika ƙara taku zan yi kururuwa, maza su zo su fitar da ke. Ki zage ni, na yarda. Ki dubi ƙafar da ke leƙowa ta gefenki."

Na duba. Ƙafar 'yata ce ta zamo daga zane, 'yar mitsitsiya, fatar nan lumus. Ina tsaye a haka sai muryar Inna ta taso daga cikin bukka, a dishe, tana kira. Matar ƙanena ta waiwaya ta ce, "Na'am, Inna, ga ni nan," ta juya da gudu ta shige. Ta bar ni a tsakiyar gona kamar kututture. Na koma gindin gawo da ƙafata, ba wanda ya kore ni.

Ba a daɗe ba, wata safiya ta fito ba ta nufi ƙwarya ba. Ta tsaya ta haɗa hannuwa a ƙirji, na gane. Ita da wata tsohuwa mai zanzana suka yi wa Inna wanka. Mazan da suka taɓa yin ciwon suka ɗauke ta, aka yi mata salla daga nesa, aka binne ta can. Aka cinna wa bukkar wuta da tabarma da zanen da na yaga. Ko yatsan uwata ban gani ba. Matar ƙanena ta yi kwanaki a bayan gari kafin a bar ta ta shigo, aka ƙona kayan jikinta, ta yi wanka, ta dawo a rame kamar ita ta yi ciwon.

Masu zuwa gaisuwa sai su yi mini ta'aziyya a gurguje, su wuce wurinta su zauna. Wai Allah ya biya ta, ta yi abin da 'yar cikin mutum ba ta yi ba. A gabana ake faɗa. Gwaggona ta Gagarawa ma, wadda ta goye ni, ta kama hannunta tana kuka tana cewa Inna ta mutu a hannun 'ya. Na fita bayan ɗaki na zauna kusa da turmi har suka watse.

Shekaru suka wuce ni da matar ƙanena muna zaman lafiya irin na sama-sama. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ma yana ba ni haushi, don da ta yi da na sami abin kamawa. In na ga ta yi shiru tana tsinke zogale sai in ce a raina, tana tuna hirarsu. Lokacin da masu lamba, masu yin rigakafin agana, suka fara zuwa daga Gumel, mutane suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu, ni na fara miƙa hannuna da na 'ya'yana. Mai lambar ya yaba mini, wai ni wayayyiya ce. Ban gaya masa cewa a raina faɗa nake yi da shi ba, don ya zo a makare.

Sai wata damina kurkunu ya kama matar ƙanena. Duk wanda ya sha ruwan tafki ya san shi, tsutsa ce doguwa kamar zare da ke fitowa ta ƙafa. Ya fito mata a idon sawu, ƙafar ta kumbura, ko bayan gida sai an riƙe ta. Ƙanena yana gona, 'ya'yanta duk maza ne ƙanana. Na naɗe zanena na tare a gidan. Ba don tausayi kaɗai ba. So nake ta ga ni ma na iya jinya, da an bar ni.

Jinyar kurkunu haƙuri ce. Ana jiƙa wurin da ruwa har kan tsutsar ya leƙo, a kama shi a naɗe a jikin tsinke, kullum a murza kaɗan, da an ji ta ƙi a tsaya a ɗaure tsinken a ƙafa sai gobe. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafar ta rube, wani har ya gurgunce. Na iya wannan aiki, hannuna ba ya rawa. Ina yi mata wanka, ina kwashe abin da ta yi, ina dama mata kunu yadda take so ba yadda nake so ba. A nan na fara sanin abubuwan da mai jinya yake gani. Na ga ta yi kuka don zafi kamar yarinya, na ji ta faɗi wata magana a kan ƙanena da ba zan maimaita ba har in mutu.

Wata rana da la'asar, tsinken yana hannuna, ƙafarta a cinyata, na ce, "Yau dai za ki gaya mini abin da Inna take ce miki."

Ta dubi tsinken, ta dube ni. Ta ce, "In na ƙi, za ki tsinke shi ne, Yaya?"

Na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Na ce Allah ya kiyaye, me ta ɗauke ni. Ta ce, "To ki bari sai ya fita. Ba na son in faɗa ƙafata tana hannunki." Na murza abin da ya samu na ɗaure, ban sake tayar da maganar ba.

Ranar da wutsiyar tsutsar ta fito gaba ɗaya, na jefa tsinken a wuta, na wanke ramin na ɗaure. Ina tattara ƙwarya zan fita ta ce in zauna. Ta ce ta daɗe tana juya abin nan, ta rasa ko amanar Inna ce ko hakkina ne, kuma tana tsoron ko ta yi wa mai mutuwa ƙarya.

Ta ce tun kafin idanun su rufe, da zazzaɓi ya yi zafi, Inna ta fara kiran suna. Nawa. Da farko sai ta ce wa Inna ba na nan, ina gindin gawo. Sai Inna ta kama rarrafe za ta fita wurina, yashi duk ya shiga ƙurajen gwiwarta. Ta mai da ita, Inna ta sake nufar ƙofa. Ta ce, "Na san in ta leƙo waje kika gan ta, ba mai riƙe ki, ga goyo. Da ta sake kira sai na ce na'am. Sai ta kwanta."

Na ce, "Duk hirar nan?"

Ta ce, "Taki ce. Ni ko sau ɗaya ba ta kira ni ba."

Na tambaye ta me ta ce. Ba wasu manyan maganganu ba ne. Wai ranar da aka tafi da ni Gagarawa ta bi jakin a ɓoye har bayan gari, ta dawo ta ce ita itace ta je nema. Wai ina da tari tun ina jaririya, in riƙa rufe ƙirjina in sanyi ya shigo. Wai kununa ya fi na kowa amma ina cika tsamiya, ta kasa gaya mini. Dariyar da nake jiyowa kuwa, labarin ranar da na dawo ne, da ta ce a ba baƙuwa ruwa, wai ƙayar ta riga ta fita tuni, ta ci gaba da tonon ƙafar yaron ne don ta rasa inda za ta sa idonta.

Na ture ƙwaryar gefe. Sannan na ce, "Ta san ba ni ba ce?"

Ta ce, "Ana gobe za ta rasu na kwance mata hannu. Ta lalubo fuskata, ta bi ta da bayan yatsu tun daga goshi har haɓa. Kin san fuskata, Yaya, kin san taki. Ta yi shiru har na ɗauka barci ne. Can sai ta sake kiran sunanki, ta ci gaba daga inda ta tsaya."

Wanda ya ji wannan labari yakan zaci daga nan kishina ya mutu. Bai mutu ba, sabo ma ya zama. Uwata ta buɗe baki ta kira sunana safe da rana, ta faɗi duk abin da na yi shekaru ina jira, kuma wata ce ta ji, wata ce ta amsa. Na gode mata, don da ba ta amsa ba da ni da 'yata muna kwance kusa da Inna a bayan gari. Amma a ranar nan da za a ce in ba da fuskata sumul a ba ni tata da abin da kunnenta ya ji, da ban tsaya shawara ba.

Na ce ta faɗa mini yadda Inna take faɗinsa. Ta ce ita kunya take ji, ba ta taɓa kama sunan yayar mijinta ba. Na ce ai kin amsa shi, faɗinsa ne zai gagare ki? Ta juya fuskarta bango, ta ja mayafi, ta faɗa a hankali, da jan ƙarshen nan irin na Inna. Na buɗe baki in amsa, murya ta ƙi fita. Ta jira, ta sake faɗa. A na biyun na ce na'am.

Ta riga ni tafiya, ba da wannan ciwon ba, da wani daban bayan mun tsufa tare. Wannan karon ba mai hana ni, ni na yi mata wanka. Da na zo fuska sai na sallami mai zuba mini ruwa, na ce ta je ta ƙaro. Na sa bayan yatsuna na bi zanzanar nan a hankali, tun daga goshi har haɓa, ta inda hannun Inna ya bi.